Mubaraka Mai Neman Ruɓaɓɓe

Ƙanwata Mubaraka tun tana 'yar mitsitsiya ba a ba ta abu mai lafiya ta dawo da shi yadda yake. Rediyon Baba ta taɓa murɗe shi har ƙarshe don ta ji inda muryarsa za ta tsage. Bokiti sabo, sai ta cika shi ya tumbatsa, ta ɗaga, ta tsaya tana sauraron ko hannunsa zai yi ƙara. Ni Hannatu, da nake yayarta, na sha zaginta a kan wannan hali har bakina ya gaji. Kakanmu ne kaɗai yake dariya. Gidanmu na Djougou gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni, kuma shi tsohon in an sauke huhu ba ya kallon goron da ke sama. Hannu yake zurawa can ƙasa ya zaro ɗaya, ya ɓare, ya duba ko da tsutsa. Mubaraka kan tsuguna gefensa tana leƙe kamar za ta faɗa ciki.

Yanzu dukanmu muna Parakou. Ni ina da shagon atamfa a unguwar Guéma, ita kuma tana aiki da wani ɗan ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar waya. Aikinta gwaji. Wasu su rubuta, ita ta zauna ta nemi hanyar karyawa. Wai aiki! Dangi sun daɗe ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Gwaggo Mariama ta Djougou, ƙanwar Baba, wadda duk wata hidimar mata a gidanmu sai da izininta, ta taɓa cewa a gaban jama'a, "Ita wannan ta yi karatu mai yawa don ta koma sana'arta ta ƙuruciya." Mubaraka ta yi dariya tare da kowa, amma ni na san ta ji zafi.

In ta tashi daga biro, wato ofishinsu, takan biyo shagona ta ci abinci, tana yi mini bayanin da ban tambaya ba. A bakinta na ji cewa cikin babbar kwamfutar da wayoyin mutane ke magana da ita akwai wasu 'yan aike, ba mutane ba, ɓangarorin manhajar ne. Adadinsu ƙayyadadde ne, suna zaune kamar a kan benci. Saƙo ya shigo, ɗaya ya tashi ya yi aikin, ya dawo ya zauna. In duk sun fita, saƙonni su yi layi. Akwai kuma wani mai gadi da ke lura da manhajar, in ta mutu ya tashe ta. Ita Mubaraka, aikinta ta kashe ta da gangan tana tsakar aiki ta ga ko mai gadin zai farka, ko ta antayo wa 'yan aiken saƙonni har sai sun rasa inda za su sa kansu. In abu ya karye a hannunta, ranar har da ƙarin tuwo.

Bara, gab da azumi, aka sa auren ƙaninmu Sharfaddeen. Amaryar 'yar Djougou ce, kuma Gwaggo ce za ta jagoranci matan da za su rako ta Parakou. A daidai lokacin su Mubaraka suka gama wa wani kamfanin motocin da ke bin wannan hanya manhajar kama kujera ta waya. Ta lallaɓa Gwaggo, ta lallaɓa, har tsohuwar ta yarda ba za ta je tasha ta tsaya a kan ɗan kamasho kamar yadda ta saba ba. Amma ta gindaya sharaɗi: "In matana suka kwana a bakin titi da amarya, kada ki ƙara kawo mini zancen aikinki har in mutu."

Ana cikin shirye-shirye, wata rana da azahar Mubaraka na cin shinkafa a shagona, Gwaggo ta kira. Na buɗe muryar wayar muna ji tana jero mata: matar wane, da surukarta, da 'yan Sérou, da wata daga Bariénou wadda in an bar ta za a yi shekara ana gaba. Duk a hannunta, saƙo ɗaya za ta tura. Haka muke, wa ya taɓa ganin mace ta kama wa kanta kujera ita kaɗai a tafiyar biki? Da ta kashe na ce, "Tab! Kuma ba Gwaggo kaɗai ba, wannan makon rabin Djougou aure suke, kowa na tseren azumi."

Mubaraka ta ajiye cokali. "Yaya, me kika ce?"

"Na ce kowane gida da gwaggonsa."

Ko hannu ba ta wanke ba ta tare moto, babur ɗin haya, ta nufi wurin aiki. Ni kuwa na bi ta da masifa, shinkafar da na zuba mata har da nama!

Da la'asar ta dawo fuskarta na ƙyalli, ta ce ya karye. Na ce, "Ke, uban me ya karye, kike washe baki?" Ta ce duk gwajin da suka yi a baya na mutum ɗaya ne da kujera ɗaya, komai yawansu. Yau ta ƙirƙiro gwaggonni na ƙarya, kowace da ayarinta, ta sako su lokaci guda. Ashe ɗan aiken da ya karɓi saƙon ayari ba ya kama kujerun da kansa. Rarraba su yake ga 'yan'uwansa na kan benci, ya tsaya yana jira su kawo masa amsa. To da gwaggonnin suka cika benci, kowane ɗan aike ya riƙe ayari yana jiran wani, babu kuma wanda ya rage. Kamar dattawa a ƙofar zaure, wannan na cewa bisimilla, wancan na cewa a'a kai ka fara, abinci na hucewa a ciki. Mai gadi kuma ya leƙo ya ga ba wanda ya mutu, ya koma ya zauna abinsa.

Ta kira Gwaggo a gabana. "Gwaggo, don Allah kada ki taɓa komai tukuna. Na gano wata matsala, ana gyarawa."

"Matsala? Ba ke kika ce mini abin lafiya lau ba? Ni bari in ɗauki mayafina in nufi tasha tun kujeru ba su ƙare ba."

"Ki ba ni zuwa gobe. Gara da ya karye a hannuna."

Can Gwaggo ta ce, "Zuwa gobe," ta kashe. Wallahi na tsorata, don in kujerun tasha suka ƙare kuma wayar ta ƙi, ba Mubaraka kaɗai za ta sha kunya ba, har da mu.

Faruk, abokin aikinta da ya rubuta wannan ɓangare, mutum ne marar gardama. Ya raba bencin biyu, masu karɓar ayari daban, masu kama kujera daban, ya kuma sa wa jira iyaka. Washegari Mubaraka ta sake sako gwaggonninta, ta ninka su, ta kashe manhajar alhali ayari na tsakiyar hanya don ta ga ko wata kujera za ta ɓace. Sai da ta rasa ta inda za ta ɓullo masa, sannan ta kira Djougou ta ce a tura.

Ranar kai amarya motar ta shigo Parakou da rana tsaka, cike da mata da guɗa, har da 'yar Bariénou tana mitar an ba ta kujerar baya. Gwaggo ta sauko a ƙarshe, ba ta ce wa kowa sannu da aiki ba, dama ba halinta ba ne. A tsakar gida aka ajiye huhun goron da za a raba wa baƙi. Tun rasuwar kakanmu ita ke duba shi, ba mai sa hannu kafin ita. Ta kwance igiya, ta yaye ganye, sai ta ɗaga kai tana neman wani cikin taro.

"Ina Mubaraka? Zo nan, 'yar nan. Ke za ki duba."

Ƙanwata ta naɗe hannun rigar ankonta, ta tsuguna, ta zura hannu can ƙasa. Ni kuwa na juya na hau yi wa masu girki faɗa, don kada a ga idona.