Tabarmar da Japhet Ya Wanke

Duk wanda ya taɓa sayen daddawa a kasuwar Zuru ya san Saloma, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai kaurin murya, wadda ba ta ragi kuma ba ta cika wa mutum kunne da surutu. 'Yar Dabai ce. Uwarta ce ta koya mata dafa kalwa tun tana ƙwaila, har yau da ta haura hamsin ba ta sake sana'a ba. Warin daddawa ya kama hannunta, ya kama zannuwanta, ita kuwa ko a jikinta. Takan ce wanda bai son warin ya je ya sha miyarsa lami.

Mijinta Japhet sai da ya yi golmo kafin ya same ta, wato shekara da shekaru yana kwasar abokansa suna yi wa ubanta noma, yadda al'adar mutanensu take. Da aka ba shi ita bai daɗe ba ya shiga soja, ta tattara tukwanenta ta bi shi bariki-bariki. A can ta haifi Mika da ƙanwarsa. A ciki na uku ne abu ya ɓaci. Naƙuda ta yi tsawo, yaron bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari.

Wanda ya san zaman bariki, ɗaki jikin ɗaki, famfo ɗaya, ya san irin wannan ciwo ba ya ɓoyuwa. Amma nata ya ɓoyu, kuma Japhet ne ya ɓoye shi. Shi ke tashi kafin kowa, ya zare tabarma da tsummoki, ya fita da sanɗa ya wanke, ya shanya a bayan ɗaki. In maƙwabta sun tambaya ya ce yara ne ke fitsarin kwance. Haka suka yi ta yi har aka yi mata aiki a wani asibiti ta warke. Ko uwar Saloma har ta mutu ba ta san da ciwon ba. Saloma ba mai yabon miji a gaban mutane ba ce, amma duk abin da Japhet ya yi mata bayan nan, shan burkutu ne, baƙar magana ce, in ta tuna da tabarmar nan sai zuciyarta ta sauko. Tabarmar nan ce ta riƙe auren.

Da ya yi ritaya suka dawo Zuru, sai wani abu ya shige shi. Mutumin da furfura ta gama cinye kansa ya fara shafa baƙin rini, wanda in rana ta yi zafi yake bin gumi ya gangaro masa bayan kunne. Ya sayi matsattsen wando, tumbi na zubowa ta samansa, ya ƙwama baƙin tabarau ko hadari ya haɗo. Gona ya bar wa Saloma. Wurin zamansa shagon Philip, mai tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, inda yake wuni cikin samari sa'o'in ɗansa suna zuga shi da Baba Soja, shi kuma yana washe baki. Abin kunya ne, kuma kowa na gani sai shi.

Philip ne ya ce zai shirya fim na ban dariya, labarin wani tsoho da ya gaji da matarsa yana son komawa saurayi. Bai sha wahalar neman tsohon ba. Gladys mai kitso aka ba matsayin matar, aka barbaɗa mata hoda a kai ta zama furfura. Gidan Saloma aka zaɓa don ɗauka, wai shi ya fi kama da gidan tsofaffi. Ta yarda, don ta ga ko ba komai mutumin zai wuni a gida.

Su Philip ba sa rubuta magana. Yakan tsaya bayan kyamara ne ya ce, “Baba Soja, ka dawo ta hana ka tuwo. Ku yi faɗa. Duk abin da ya zo bakinka ka sake shi.” Shi ke nan, sai a fara.

To fa, ashe Japhet yana da baki. Mutumin da a gida in ya ce “ruwa” ya gama maganar yini, sai ga shi yana zuba kamar an kwance famfo. Ya ce wa Gladys minsharinta ya fi injin niƙa, ya ce ko ta yi wanka da sabulun duniya daddawa take wari. Saloma na gefe tana wanke kalwa tana ji. Ta san daga inda yake ɗebo kayansa, amma ta taɓe baki ta ƙyale. Minshari da warin daddawa ba asiri ba ne.

Ranar da aka zo ɗaukar babban faɗan, Gladys ta riƙe ƙugu ta ce, “Kai mi ka taɓa yi mani tun da na shigo gidanka?”

Japhet ya waiga. Sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar tabarma da aka jingine a bango.

“Mi na yi maki?” in ji shi. “Wa ka wanke tabarmar da kike jiƙawa kullum kamar jinjira? Ni, soja guda mai igiya! Da rana in riƙe bindiga, da asuba in riƙe tsumman fitsarin babbar mace!”

Ya ɗaga tabarmar da yatsa biyu, ya toshe hanci da ɗaya hannun, ya kama tafiya da sanɗa yana yamutsa fuska yana kakarin amai. Mai riƙe da sandar makirufo ya zube ƙasa don dariya. Gladys, da ba ta san komai ba, ta ƙara nata, ta bi shi tana tale ƙafa tana duba bayan zaninta. Philip yana share hawaye yana cewa kada a tsaya.

Saloma ta san sanɗar nan. Ita ce dai wadda yake yi a bariki don kada ya tashe ta, alhali idonta biyu, kunya ce ke sa ta yin kamar tana barci. Bayansa kawai take gani a lokacin. Fuskar ce ba ta taɓa gani ba sai yau. Ta ji kamar ta taka kashin kare da ƙafa ba takalmi, ta ajiye ƙwaryar kalwa ta shige ɗaki.

Da mutane suka watse ta same shi yana duba rininsa a madubin babur.

“Baban Mika, ka ce a cire wurin tabarmar nan.”

“Haba, Maman Mika. Wasa ne hwa.”

“Matan barikinmu nawa ke garin ga? Rachael na nan. Ɗakinta shina jikin namu, kullum tana ganin shanyarka. In ta gani ta lissafa, da wane ido zan zamna kasuwa?”

Ya ce zai duba. Ta san irin dubawarsa, don haka washegari ta yafa gyale ta tafi shagon Philip da kanta. Ta ce a cire wurin, ba tarbiyya a ciki. Philip ya yi dariya cikin ladabi ya ce, “Mama, ai nan ne gishirin fim ɗin. Mi ya ɓata maki rai a ciki?” Faɗin dalili kuwa shi ne tona abin da ta zo rufewa. Ta juya ta dubi Japhet, wanda ke zaune kan benci cikin samari. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya gyara tabarau ya ce, “Rabu da ita, Philip. Mata ba su san harkar fim ba.”

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka nuna fim ɗin a gidan kallon ƙwallo. Saloma ta je, don rashin zuwanta ma abin magana ne. Wurin ya cika maƙil, zafi da tsamin gumi, kwano na ƙara a sama. Kamar da gangan, Rachael ce ta matsa mata wuri a benci. Saloma ta zauna ƙafada da ƙafada da matar da take tsoro, ta kafa wa allon ido.

Wurin tabarmar ya zo. Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, dattawan coci da matan zumunta da ta yi shekaru tana waƙa da su, kowa ya wangale baki har ana ganin dasashi. Rachael ta yi dariya har ta sarƙe, tana dukan cinyar Saloma.

“Wayyo cikina! Mijinki ya iya shirya ƙarya, Saloma. Ina ya samo wannan?”

Saloma ta dube ta da kyau, ta nemi alamar habaici a idonta ba ta samu ba. Rachael ba ta tuna wata shanya ba. Ba wanda ya waiwayo ya dube ta. Asirinta na nan yadda yake, kuma maimakon sanyi sai ta ji bakinta ya cika da ɗaci.

Ta riga shi isa gida. Can samari suka rako shi har ƙofa suna kiransa Baba Tabarma, ya shigo yana fito, rini ya zubo masa har wuyan riga. Ya tarar da ita tana fitar da kayanta zuwa tsohon ɗakin Mika.

“Kin gani ko? Duk kin tada hankalinki a banza. Ba wanda ya gane.”

“Ni na gane,” in ji ta. “Can bariki ma haka fuskarka take, in ka ba ni baya?”

Ya cire tabarau, ya sake mayarwa. Ba Philip a wurin da zai ce masa ya saki abin da ya zo bakinsa. Da ƙyar ya ce, “To, ai warin gaskiya ne, Maman Mika.”

“Na san da wari, ni ma ina da hanci. Na ɗauka wankewa kake kana zubarwa. Ban san ajiyewa kake ba.”

Ta ɗauki akwatinta ta wuce shi.

Har yanzu tana zuba masa tuwo, tana wanke masa matsattsen wandon, ranar Lahadi su jera zuwa coci. In ya yi mata baƙar magana takan laluba zuciyarta, ta nemi abin da ke saukar da ita a da, ta tarar babu.