Malam Mudi da Hotonsa na Gwajin Inji

Da an sallame sallar asuba, kafin masunta su dawo daga bakin dam ɗin Tiga, za ka ji tarin babur ɗin Malam Mudi. Tsohon babur ne mai gardama, sai an lallashe shi. A bayansa akwatin ƙarfe ne ɗauke da sukurdireba, tsumma, tsohon buroshin haƙori da gwangwanin baƙar hodar injin fotokwafi. Yau Bebeji, gobe Kiru, jibi Tudun Wada. In kira ya zo daga Doguwa, har Riruwai yana kaiwa, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Tun farkon shekarun tamanin, duk ofis ko makarantar da injinta ya cije takarda, ko ya riƙa fito da ita baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, magana ɗaya ake yi: "A nemo Mudi."

Malam Isa, wani shugaban makaranta a garin Ƙofa, har gobe yana ba da labarin ranar da inji ya tsaya ana gobe jarrabawa. Mudi ya iso jiƙe sharkaf, ko ruwan sha bai karɓa ba sai da takardar farko ta fito.

Amma abin da kowa ya san shi da shi, yadda yake gwada inji ne. In ya gama gyara, ba ya karɓar takardar ofis. Sai ya zaro wani hoto daga aljihun gaba ya kifa a kan gilashin. Hoton ƙauyensu ne, wanda wani mai hoto ya ɗauka dab da tashinsu, kafin ruwan Tiga ya rufe shi: ga tsamiya, ga rumbu, ga mahaifiyarsa Inna Larai tsaye a bakin ƙofa tana kare rana da hannu. Ba ta daɗe ba bayan ƙaura ta rasu. Gidan yana ƙarƙashin ruwa, ita tana ƙarƙashin ƙasa, kuma ba shi da wani hoton nata sai wannan.

"In fuskar Inna ta fito, inji ya warke," in ji shi. In ba ta fito sosai ba, sai ya sake kwance injin, ko da akawu na rantsuwa aikin ya yi.

Luba, mai buga tafireta a wani ofishi a Tudun Wada, takan tsokane shi: "Baba Mudi, tsohuwar nan ta fi kowa yawo a ƙasar nan."

"Ƙyale ta, 'yata. Da ranta ba ta taɓa wuce kasuwar Ƙofa ba. Bari ta ga duniya."

Kwafin kuwa a nan yake barinsa, wai shaidar aiki. Luba ta sha ce masa ya ajiye ko guda ɗaya a gida, sai ya yi dariya: "Mai asali me zai yi da kwafi?" Haba Malam Mudi! Kai da ka fi kowa sanin zafin fitilar inji!

Bara aka kawo wa ofishin su Luba sabon inji, irin wanda ke ɗaukar hoton takarda ya aika ta waya zuwa kwamfuta, cikin ma'ajiya ɗaya da kowa a ofis zai iya buɗewa. Ya yi sati yana aiki, sai ya daina aikawa. Mudi bai san kwamfuta ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce Luba ta zauna gabanta ta gaya masa in abu ya iso, shi kuwa ya bi waya da rarrafe tun daga gindin inji, har ya tarar da inda ɓera ya gutsure ta bayan kabad. Ya haɗa, ya naɗe, ya zaro hotonsa yana murna.

"Yau Inna za ta shiga kwamfuta. Ya iso?"

"Ya iso, Baba." Muryarta ta yi ƙasa.

Ya leƙa. Ga inuwar tsamiya dishi-dishi, amma inda Inna take tsaye fari ne fat. Ya goge gilashi ya sake, ya kwance fitila ya sake. Daga ƙarshe Luba ta karɓi hoton ta duba a bakin taga. Injin lafiyarsa ƙalau. Gumin aljihu da ruwan damina da hasken injuna sun daɗe suna cin hoton, idonsa kuma ya yi rauni, fuskar da ke zuciyarsa yake gani a takardar. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Ashe ruwa ya sake cinye ta." Luba ta ce ba ta taɓa ganin dattijo ya yi kuka haka ba. Tun daga ranar kewa ta kama shi, har ya ce zai jingine babur.

Luba ta yi wani shiri ba da saninsa ba. Ta aika wa akawuna da malamai saƙo ta bakin direbobin tasha, kowa ya nemo kwafin hoton da Mudi ya bar masa. Ranar da muka taru don yi masa sallama, sai ga mutane da takardu: wani ya ɓamɓaro tasa daga bangon ofis, wani daga ƙasan durowa, wata takardar ta zo tun daga Riruwai da tabon shayi a gefe. Malam Isa ya kawo ta ranar jarrabawar nan, lokacin hoton yana da ƙarfinsa.

Kai ne, Malam Mudi, ka ƙi barin inji sai ya fitar da gaskiya, shi ya sa kwafin ya fito tsaf. Kai ne mai ratsa laka don takardar da ba taka ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan Inna Larai. Ku kuma masu gyara na yanzu, da ke cewa "ya yi haka nan" ku ɗaure akwati, ku dubi wannan: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Malam Mudi ya kai takardar Malam Isa dab da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can ya gyara zama, ya rage murya kamar mai sallama a ƙofar ɗaki.

"Inna, sannu da hanya. Mu tafi gida."