Verna Skogen da Sa-hannu Ɗari Huɗu

Ƙarfe biyar na asuba Verna Skogen ke tashi, ta kankare ƙanƙara daga gilashin motar makaranta, ta bi gonaki tana kwasar 'ya'yanmu. Shekararta talatin da ɗaya a haka, ranar Juma'a za ta yi ritaya. Babu babban da zai zo ya yaba mata, don haka ni zan faɗa.

Jiharmu da man fetur take ci. In farashi ya hau, 'yan majalisa su yi ta facaka. In ya faɗi, makarantun ƙauye ake fara rufewa, kuma tamu ce ta gaba a layi. Shi ya sa a shekarun baya jama'a suka nemi a gyara kundin tsarin mulkin jiha, a riƙa ware wani kaso a asusun ajiya, kada a taɓa sai shekarar wahala. Kafin maganar ta kai gaban masu zaɓe, dole a tara sa-hannu. Verna ce ta tara na yankinmu.

Saura kwana tara a rufe karɓa, ta gano ɗari huɗu ba za su karɓu ba. Mu nan ba a kawo mana wasiƙa gida, sai kowa ya rubuta lambar akwatinsa na gidan waya a takardar sa-hannun, alhali doka adireshin gida take so. Har da ni, kuma na ji kunya.

Wani ya ce ta gyara da kanta, wa zai sani? Ta ƙi. Ta sake bin mu ɗaya bayan ɗaya. A gabana ta tarar da tsoho Duane Hovland yana ba shanu ciyawa.

"Ke Verna, ba na sa miki hannu ba?" in ji shi. "Ko aurena kike so ne?"

"Allah ya kiyaye! Rubuta inda kake kwana."

"Ni fa ban yarda da 'yan majalisa ba."

"Shi ya sa za mu ɗaure musu hannu. Ungo biro."

Ya rubuta yana gunaguni. Ta kammala saura kwana ɗaya, masu zaɓe kuma suka amince da gyaran. Bayan shekara shida mai ya faɗi warwas. Daga wannan asusu aka biya malamai, makarantarmu ba ta rufe ba.

Verna, ke ce mai gaskiyar da ta fi mu, mun gode. Ku kuma masu zagin gwamnati daga kan kujera, jikokinku na cikin aji yau saboda mace ɗaya ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗari huɗu. Ku tashi ku ƙwanƙwasa ko goma ne.