Idon Tsohon Makanike

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na ci mutuncin tsohon makanikenmu a garejinsa na hanyar gada ba.

Mijina ya rasu ya bar mini tsohuwar bashe, motar da ta girmi ɗana na fari. Da ita ake ɗauko mini albasa daga Garu. Wata shekara injinta ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Tsohon, wanda shi ke duba ta tun mijina na da rai, ya kasa kunne ya ce sarƙar cikin inji ce ta saki, don ɗan ƙarfen da ke danne ta, wanda suke kira tander, ya cinye. Aka sayo sabo, ya sa. Mota ta ƙi tashi. Kwana uku sai tari take yi.

Ni kuwa bakina ba linzami. Na same shi a gaban samarin garejin maƙwabta, masu jiran ya kasa su kwashe masa masu motoci. Na ce, "Baba, in aikin ya fi ƙarfinka, ka koma masallaci ka riƙe tasbaha!" Suka fashe da dariya.

Ya yafito ni, muka sunkuya kan injin. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɗiyata, kin ga faifan nan biyu masu haƙora? Kowane da ɗan ɗigo. In ɗigon bai dace da alamar sarƙa ba, ko da haƙori guda, ba ta tashi. Hannuna ya san komi. Ido ne ya tahi, tun bara hazo nika gani. Kada ki gaya ma kowa."

In maganar ta fita, ya gama aiki a garinmu Malanbil ke nan.

Na ɗago na daka wa samarin tsawa: "Mi kuke kallo? Koyo nake, don kada irinku su cuce ni gobe!"

Na ɗaure zane, na koma. Ya zare tander, ya sassauta sarƙa, yana juya faifan ina faɗa masa. "Gaba kaɗan, Baba. Haƙori guda. Tsaya!" Ya mayar da tander, ya sa sukundireba ya saki makullinsa. Muka ji ƙas, ƙarfen ya danne sarƙa. Ya shafa ta da yatsa, ya yi murmushi. Kafin la'asar ya harhaɗa komai, bugu ɗaya mota ta tashi, lafiya lau.

Daga ranar, duk aikin da ke son ido sai ya aiko in zo "koyo". Har ya rasu babu wanda ya gane.

A lokacin ko alif ban sani ba, sai da na haura arba'in na shiga aji. Amma darasina na farko a garejin nan na ɗauke shi: da idona biyu lafiyayyu, ban ga abin da ke damun bawan Allah ba. Har yau ina da faɗa. Sai dai in na ga gwani ya yi tuntuɓe, nakan sunkuya kusa da shi kafin in buɗe baki.