Ramuka Biyar a Allon Baba Yohanna

Cikin ranakun aikina a kulob ɗin harbin allo da ke bayan Unguwar Boro, akwai wata Asabar da ba na jin zan manta da ita. Ina cikin watannin gwaji ne a matsayin mai duba sakamako, wato wanda ke kallon alluna da madubin hange daga bayan maharba, sa'an nan ya sanar da wanda ya ci.

Mutum biyu ke da ta cewa kan tabbatar da ni a aiki: Alhaji Mamuda, shugaban kulob, da Baba Yohanna, tsohon saje, jami'i mai kula da filin harbi. Bindigarsu iri ɗaya ce, mai kaurin baki da ƙaramin harsashi, wadda nauyinta ke hana ta rawa a hannu. Abin saiti ne ya raba su. Alhaji ya ɗora wa tasa madubi mai jawo nesa kusa. Baba kuwa ya kafe a kan saitin ƙarfe, inda ake daidaita tsinin gaba da ramin baya da ido kawai.

"Saje, idanun nan naka sun riga ka yin ritaya," in ji Alhaji.

"Haba Alhaji, bindiga da tabarau? Jarida za ta karanta?"

Aka sa musu gasar cin kofi, harsashi biyar-biyar. Suka kwanta rub da ciki kusa da juna, kowa da allonsa mai lamba a sama. Ƙa'ida ta hana mai duba sakamako magana sai an gama harbi, saboda haka na zuba ido ina kallon abin al'ajabi. Duk sa'ad da Alhaji ya ja kunamar bindiga, sai rami ya bayyana a tsakiyar allon Baba, domin madubin ya ƙara girman baƙin ɗigon tsakiyar allo har lambar allon ta fice daga ganinsa, bai san allon Baba yake saitawa ba. Duk sa'ad da Baba ya harba, sai yashi ya yi tsalle a tudun da ke bayan alluna.

Da aka kawo alluna, Baba ya ɗaga nasa sama. "Biyar cif! Ido kawai, jama'a!"

Alhaji ya jujjuya nasa, babu rami ko ɗaya. "Malam Nura, ko ramukan sun toshe ne?"

Kowa ya juyo gare ni. Na san duk wanda na kunyata, da shi aikina zai tafi. Na gyara murya.

"Ranku ya daɗe, bisa ƙa'ida, allon Baba ne ya ci gasa. Bisa abin da na gani, bindigar Alhaji ce ta huda shi."

"To nawa harsasan fa?" in ji Baba.

"Suna cikin yashi, Baba, lafiya ƙalau."

Filin ya kece da dariya. Baba ya nuna Alhaji da yatsa. "Kai da tabarau, ko gidanka ba ka gane ba!"

"Ni dai na shiga gida, ko da na maƙwabci ne. Kai a bola ka kwana."

Dukansu suka amince a tabbatar da ni: Baba domin na ba shi kofi, Alhaji domin na shaida wa madubinsa. Har yau ba su daina musun ba.

Abin da na koya shi ne, maharbi yana iya yafe maka ka hana shi kofi, ko ka kushe idonsa, amma ba duka biyun a rana ɗaya ba.