Gaisuwar Mai Haƙar Rijiya

Na daɗe ina koyar da Faransanci a wata makaranta a unguwar Awendjé, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne jan layi da jan biro a ƙarƙashin duk maganar da ta yi tsawo. Shi ya sa da ɗiyar ƙanwata ta iso Libreville da fim ɗin da ta ɗauka a ƙauyenmu, can ƙasar Damagaram, ni ta ba aikin fassara, wato rubutun nan da ke fitowa a ƙasan hoto.

Fim ne a kan wani tsoho mai haƙar rijiya. Ba waƙa, ba rawa, ba wanda ya mari wani. Wata tashar intanet mai nuna ƙananan finafinai ta ce tana so, amma da sharaɗin a yanke farkonsa. Sun ba ta zuwa ranar Litinin ta aika.

Ga farkon. Tsohon yana zaune a bakin rijiya. Ya dubi kyamara, ya yi sallama, ya yi shiru. Ya tambayi wuni, ya yi shiru. Gajiya, iyali, sana'a, baƙunta, kowace tambaya da nata shirun. Minti uku cif. Ɗiyar ƙanwata ta ce ranar da ta gaya masa mutanen nesa za su gan shi, cewa ya yi ba zai ce uffan a kan rijiya ba sai ya gaishe su. Bai kai damina ba ya rasu.

Na kalla a kwamfuta a ɗakina a unguwar Nombakélé, na fassara minti ukun nan da kalma ɗaya: Bonjour. Na kuma shaida mata masu tashar sun yi gaskiya, yatsan mai kallo a waya ba ya jiran kowa. Har na ƙara da cewa manyan marubuta daga tsakiyar labari suke farawa.

Ta ce, "Kawu, shi fa ya ce kada a fara sai an gaisa."

Na ce marigayi gwanin rijiya ne, ba gwanin fim ba. Da daren Asabar na ga ta shirya kwafi na biyu, yankakke, ta ajiye.

Akwai wata mata 'yar Gabon a unguwar Nzeng-Ayong da ta mai da tsohon ɗakin ajiyar shinkafa gidan sinima: farin bango, kujerun roba, fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Madam kowa ke ce mata. Ta ba mu Lahadi bayan la'asar, aka sa cikakken kwafin, don shi ta riga ta karɓa. 'Yan kasuwa mutanen Garwa da Marwa suka zo, da direbobin taksi 'yan ƙasarmu, da wasu Kanawa uku da suka sanar tun daga bakin ƙofa cewa fim ba waƙa ai labarai ne. Ɗalibai 'yan Gabon suka cika layin gaba. Ni na zauna a baya kusa da ƙofa, don in ga masu fita da idona.

Tsohon ya bayyana a bango, fuskarsa ta fi ƙofar girma. Ya yi sallama.

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa.

Ba wanda ya dubi wani, ba wanda ya yi dariya. Ya tambayi wuni, suka ce lafiya lau. Ya tambayi gajiya, suka ce ba gajiya. Suna rufe baki yana buɗe nasa, kamar yana jin su. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna zurfin ƙasa da igiya, ashe ya auna tsawon amsar mutanen da ba zai taɓa gani ba, ya bar musu wurinta daidai. Da ya ce ina baƙunta, wani dattijon direba a gabana ya cire hula ya ce, "Sai godiya, Baba." A kan iyali kuwa na ji wata murya mai ƙarfi kusa da kunnena, sai daga baya na gane tawa ce.

Duk wannan lokacin Bonjour ɗina yana tsaye shi kaɗai a ƙasan bango, kamar ɗalibin da aka kora waje.

Ba wanda ya fita. Da aka tashi, Madam ta tambaye ni ko mun yi gwaji da masu kallon tun a gida. Na ce a'a. Ta ce a sake kawo shi Lahadi mai zuwa, tana son ta sake ji. Ɗaya daga Kanawan ya ce har yanzu dai ba waƙa, amma tsohon yana da ladabi.

Ranar Litinin ɗiyar ƙanwata ta aika cikakken kwafin, da layi biyu na bayani. Masu tashar suka ƙi karɓa, cikin Faransanci mai kyan gaske, ban samu abin ja wa layi ba. Sai ta ɗora shi a shafinta na intanet. Ni kuma na zauna na fassara gaisuwar tambaya-tambaya, na bar wa kowane shiru farin wurinsa.

Har yanzu nakan leƙa shafin. A wurin da masu kallo ke rubuta ra'ayi, yawancinsu ba su yaba ba, ba su kushe ba. Lafiya lau kawai suke rubutawa.