Ranar da na ƙi gaida mutumin roba

Shekarun baya, bayan na gama sakandare, na yi kwas ɗin mataimakan nas a Birnin Kebbi. Wani ƙaramin asibiti a Argungu ya ce zai ɗauke ni aiki, amma sai da shaidar gwamnatin jiha. Ita kuwa shaidar ba ta fitowa sai jami'ai sun zo sun ga aikinka da idonsu.

Ranar gwaji aka ce in yi wa majinyaci wanka a kan gado. Majinyacin mutum-mutumin roba ne, tsoho mai sanƙo. Ni da ban iya jan jiki ba, na yaye zane, na goge shi tas, na gama kafin kowa. Ina tsaye ina jiran yabo.

Jami'ar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Ɗiyata, kin gaishe shi?"

"Wa? Hajiya, roba ce hwa."

"Labule fa, kin ja?"

"Wa zai leƙa roba?"

Wata ƙawata da muke gwajin tare ta taka mini ƙafa. Amma ni da gaske nake son sani. Na ce, "Don Allah Hajiya, gwamnati ta taso ki tun daga ofis don ki ga ko na gaida roba? Mi a amfanin wanga?"

Ba ta yi fushi ba. Ta sa aka sauke mutum-mutumin, ta nuna mini gadon. "Hau ki kwanta. Rufe ido. Jikinki ya shanye, ba magana, ba motsi."

Na kwanta, aka lulluɓe ni. Shiru. Sai takun takalmi, ban san na wa ba. Can hannu mai sanyi ya cafki damtsena ya ɗaga, wani ya fizge zanen daga ƙafafuna, ga maza cike da ɗakin. Na yi zumbur na ƙwace zanen. "Kai! Wane ne?"

Ta ce, "Ke kin iya tashi. Shi fa?"

Ta ba ni dama ta biyu. Na ja labule, na sunkuya na ce, "Baba, ina kwana? Wanka za mu yi." Ana ta ƙunshe dariya. Na samu shaidata.

Har yau ba ni da haƙuri, abokan aikina shaida ne. Amma ko majinyaci a sume yake, ba na taɓa zanensa sai na faɗa masa ko ni wace ce. Ban san ko yana ji ba. Ni dai na taɓa kwanciya a gadon.